Falsafa da Motsa Jiki: Fannoni Biyu da Suka Tashi a Fili Ɗaya

Ɗalibin da ya shiga jami'a yakan tarar da darussan da ba shi ya zaɓa ba, ciki har da gabatarwa ga falsafa da mantiƙi. A wani gefen kuma ga sashen ilimin motsa jiki da lafiya, wanda wasu ke yi wa kallon mafakar masu guje-guje da tsalle-tsalle. Sai ka ji ana cewa falsafa surutu ce, motsa jiki kuwa wasa ne. Duk wanda ya san asalin fannonin nan biyu ba zai yi musu wannan rainin ba.

A birnin Atina na tsohuwar Girka akwai manyan filayen motsa jiki inda samari ke kokawa da tsere da jifan mashi. Irin waɗannan wurare masanin falsafa Sokiratis ke zuwa yana tare matasa da tambayoyi a kan adalci da jarunta. Almajirinsa Aflatun ya kafa makarantarsa a filin Akademiya wajen shekara ta 387 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Aristotal, wanda ya yi karatu wurin Aflatun, ya buɗe tasa a filin Lisiyom wajen shekara ta 335. Ashe manyan makarantun falsafar Yamma na farko a bakin fagen kokawa aka kafa su.

Ba zaman maƙwabtaka kawai ya haɗa su ba. A littafinsa kan tsarin mulki nagari, Aflatun ya raba tarbiyyar yaro gida biyu: horon jiki, da horon rai ta hanyar kiɗa da adabi. A ganinsa, wanda aka ba horon jiki zalla yakan tashi da taurin zuciya, wanda kuma aka bari da adabi kaɗai yakan yi laushi fiye da kima. Aristotal ya soki mutanen Sparta saboda gallaza wa yaransu da horo mai tsanani har ya mai da su masu halin dabbanci. Da yake bayanin tsaka-tsaki a ɗabi'a, da shahararren ɗan kokawa Milo ya ba da misali: abincin da ba zai ishi Milo ba, ya yi wa sabon shiga yawa. Ya kuma koyar da cewa hali nagari da maimaici ake samunsa, kamar yadda ake samun ƙarfin jiki. Ƙa'idar da ke cikin misalin Milo, ta auna nauyi gwargwadon mai ɗauka, ita ce har gobe ake koya wa mai shirin zama malamin motsa jiki.

Tunanin bai tsaya a Girka ba. Ibn Sina ya sanya motsa jiki a sahun gaba na hanyoyin kiyaye lafiya cikin littafinsa na likitanci. John Locke a Ingila ya fara littafinsa kan tarbiyya na 1693 da batun lafiyar jikin yaro, Rousseau ya bi sahu a 1762. Daga nan maganar ta shiga makarantu. Per Henrik Ling ya kafa cibiyar horar da malaman motsa jiki a Stockholm a 1813, kwalejin Amherst ta Amurka kuma ta naɗa likita Edward Hitchcock ya jagoranci wannan fanni a 1861.

Yau ma kowannensu yana buƙatar ɗan'uwansa. Ɗalibin motsa jiki yana karanta tsarin ƙashi da tsoka da abinci mai gina jiki, amma idan aka zo kan shan ƙwayar ƙara kuzari, ko magudin shekaru a gasa, ko tura ɗan wasa fili da rauni a jikinsa, tambayar ta koma ta falsafar ɗabi'a. Shi kuma mai kwana kan littafi ya sani Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako.

Don haka, ɗalibi, kada ka shiga ajin falsafa don neman maki kawai, kada kuma ka raina abokinka mai rigar wasanni. Ka ba ƙwaƙwalwarka haƙƙinta, ka ba jikinka nasa.