Babi na Tara: Lambar da Ta Gagari Rabo

Ɗauki ƙwayar gero ɗaya ka ninka ta, ta zama biyu, ka sake ninkawa ta zama huɗu, ka yi ta yi har sau 31. Abin da zai taru shi ne 2,147,483,648. Cire ƙwaya ɗaya tak, saura 2,147,483,647.

Ƙwayar nan da aka cire ita ce ta sauya komai. Kafin a cire ta, lambar cika ce, ana ta raba ta biyu-biyu har a komo ɗaya. Da aka cire, ta koma mara, kuma babu lambar da za ta raba ta daidai in ba ɗaya ba, sai ita kanta. Irin waɗannan, kamar 7 da 13, mu kira su gagara-rabo.

Ba kowace lambar da aka samo ta wannan hanya ce ke gagarar rabo ba. In aka tsaya a ninki na 11, 2,047 ake samu, wato 23 sau 89. Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe, ya yi nazarin wannan dangi, kuma a 1644 ya sa tamu cikin waɗanda ya ce ba sa rabuwa. Da sunansa ake kiran dangin har yau, tamu ce ta takwas a jerin gagara-rabon cikinsu. Sai dai faɗa daban, hujja daban.

Hujjar sai a 1772 ta zo, daga masanin lissafi Leonhard Euler, alhali ya riga ya makance. A ganina nan ne daɗin labarin yake. Da a ce lambar na rabuwa, dole a sami mai raba ta ƙasa da 46,341, amma wa zai zauna gwada wannan tuli da hannu? Euler ya nuna cewa duk gagara-rabon da za ta iya raba ta, in aka raba ita kanta da 248, sai saura ya zama 1 ko 63. Nan take tulin ya zube, ya gwada 'yan kaɗan da suka rage, babu wadda ta shiga.

Lambarmu tana da 'ya kuma. In aka ninka ta sau 1,073,741,824 za a sami kammalalliyar lamba, wato irin 6, wadda masu raba ta, 1 da 2 da 3, in an tara su suke mayar da ita.

Yau a cikin kwamfuta lambarmu ta fi zama. Manhajoji da yawa na ajiye lamba a gurabe 32, kowane gurbi sifiri ko ɗaya. Gurbi guda na nuna sama da sifiri ake ko ƙasa, sauran 31 in duk suka cika, lambarmu ke nan, babu gaba. Na'urorin da ke ƙirga daƙiƙoƙi haka tun 1 ga Janairu 1970 za su kai wannan iyaka ran 19 ga Janairu 2038. Wadda ba a gyara ba, agogonta zai koma Disamba 1901.