Ƙishirwa Ba Horo Ba Ce

Duk sa'ad da aka ji sanarwar ɗaukar sababbin sojoji, akwai wata ɗabi'a da kan ɓullo a Jambutu da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Za ka ga samari sun miƙa titi a guje da rana tsaka, ko da kuwa a watan Maris ne ko Afrilu, lokacin da zafin Jimeta ke haura digiri 40, wani ya ɗora rigar sanyi, wani ya naɗe ƙirjinsa da leda wai don gumi ya fita sosai, kuma dukkansu sun haramta wa kansu ruwa har sai sun dawo. In ka tambaye su dalili, sai su ce haka ake yi a Defo, wato inda ake horar da kurata, wanda ya sha ruwa kuwa rago ne. Da dare kuma, a teburin mai shayi na bakin tasha, sai musu ya kaure a kan wace wahala ce ta fi, ta soja, ko ta mai gudun yada ƙanin wani, ko ta mai jarrabawar zama lauya ko akanta, kuma galibi akan watse a kan cewa littafi wahalar 'yan inuwa ce.

Bari mu fara sallamar wannan musun, domin ba shi da wuyar warwarewa. Gudun yada ƙanin wani tsawonsa kilomita 42 da mita 195 ne, gwanayen duniya suna gama shi cikin awa 2 da 'yan mintoci, kuma mai yinsa yana da ikon tsayawa a duk inda ya ga dama. Jarrabawar Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda take da reshe a nan Yola, ko ta ƙungiyar akantoci ta ICAN da aka kafa a 1965, azabarta a tsawon zamani take, da kaɗaici, da kuɗin da iyaye suka zuba, da fargabar ranar da sakamako zai fito. Amma kurtun da ya shiga Defo na Zariya, wanda yake horar da sojoji tun 1924, ko ɗalibin makarantar hafsoshi ta NDA da aka buɗe a Kaduna a 1964, abin da ake karɓewa daga gare shi shi ne zaɓi: barcinsa da tashinsa da cinsa duk suna hannun wani, kuma abin da ke jiransa bayan ya gama shi ne fagen da ake sadaukar da rai. A ganina wannan ta ukun ita ce mafi nauyi, sai dai nauyinta a miƙa wuya yake da ɗa'a, ba a ƙishirwa ba.

To, daga ina aka samo cewa hana jiki ruwa yana ƙara masa juriya? Haƙiƙa babu wani likita ko mai horar da 'yan wasa da ya san aikinsa da zai yarda da wannan zance, domin kuwa jikin ɗan Adam, a yayin da yake aiki cikin zafi, babbar hanyar da yake sanyaya kansa ita ce gumin da ke fita ya bushe a kan fata, shi kuma gumin daga ruwan jini ake ɗibarsa. Idan aka yi ta ɗiba ba a mayarwa, sai jinin ya ragu, zuciya ta ƙara bugu don ta cike giɓi, gumin ya fara yankewa, zafin cikin jiki ya hau, har in ya wuce digiri 40 ƙwaƙwalwa ta rikice, mutum ya fara sambatu ko ya yanke jiki ya faɗi. Ledar nan da ake naɗawa kuwa, ita ce ke hana gumin bushewa, wato ta toshe ƙofar da zafin zai fita ta cikinta. Nauyin da saurayi ke murnar ya rage a wannan yinin ruwa ne kurum, ba kitse ba, kuma zai dawo da zarar ya kafa kai a randa.

Akwai abin da ya fi wannan muni, wanda ba a cika faɗa wa yara ba. Tsokar da aka tilasta mata aikin da ba ta saba ba, cikin zafi da ƙishirwa, takan farfashe, abin da ke cikinta ya kwarara cikin jini ya je ya cushe ƙoda, alamarsa kuwa ita ce fitsari ya koma launin baƙin shayi. Masu ɗauke da ƙwayar sikila ta AS, waɗanda suke da yawa ƙwarai a ƙasar nan kuma da yawansu ba su ma san suna ɗauke da ita ba, sun fi shiga wannan haɗari. Sannan ga musibar tiramol, da wasu ke haɗiya wai don kada su ji gajiya, alhali gajiya da ciwo su ne 'yan saƙon da jiki ke aikowa cewa an kusa ƙetare haddi. Wanda ya toshe musu baki bai ƙara ƙarfi ba, ya dai makantar da kansa ne, ga kuma farfaɗiyar da ƙwayar kan jawo. Hukumar da ke yaƙi da shan ƙwayoyi a wasannin duniya ta haramta ta a lokacin gasa tun daga farkon 2024.

Abin da jiki ke sabawa da shi shi ne zafi da aiki, idan an bi shi da tadriji, kamar kwana 10 zuwa 14 ana ƙara kaɗan-kaɗan, har ya koyi yin gumi da wuri da tattalin gishirinsa. Ƙishirwa kam ba a sabo da ita. Abebe Bikila, mutumin Habasha da ya ci gudun yada ƙanin wani a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, ya kuma sake cin gudun a Tokyo a 1964, shi kansa soja ne cikin masu tsaron Sarki Haile Selassie, kuma abin da ya kai shi can horo ne na shekaru a hannun malami, ba haukan mako 2 ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malaman fiƙihu ma sun lissafa kiyaye rai cikin larurorin nan 5 da shari'a ta zo don tsare su, kuma shari'ar da ta yi wa matafiyi da majinyaci rangwamen ajiye azumin farilla ba za ta kira wannan ganganci jarunta ba.

Ɗaliban da ke kwana 3 ba barci kafin jarrabawa, da goro da kofi, 'yan uwan waɗannan samari ne a wauta, domin a cikin barci ne abin da aka karanta yake zama a ƙwaƙwalwa. Kowane alaramma ya san izu 60 ba su zauna masa a dare ɗaya ba, sai da tilawa kullum. Talauci da rashin aikin yi suna da nasu kason a gaggawar da samarin nan ke yi ta shiga soja, ban musa ba.

Saboda haka wanda ya ƙudurta shiga soja ya fara shiri watanni kafin a buɗe rajista. Ya fita bayan sallar Asuba ko bayan La'asar sakaliya, da tufafi marasa nauyi, ya fara da tafiya mai sauri haɗe da ɗan sassarfa, ya riƙa ƙara nisa mako-mako, ya kuma bar wa jikinsa ranakun hutu. Ya sha ruwa kafin ya fita, ya tafi da gora, in gumi ya yi yawa ya haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba mai gudawa. Ya duba fitsarinsa: in ya yi duhu, ruwa bai ishe shi ba. Kada ya yi gudu da zazzaɓi a jikinsa, kada kuma ya yi shi da rana yana azumi. Ya je asibiti a auna jininsa da hawansa, ya san ko AA yake ko AS. In kuwa abokin gudu ya fara tangaɗi ko magana ba kan gado, kada a tsaya cewa aljanu ne ko ragwanci. A kai shi inuwa, a tuɓe masa riga, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi ana fifita, kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa, a garzaya da shi asibiti nan take.

Iyaye da limaman Jambutu, da tsofaffin sojojin da ke zaune a cikinmu, waɗanda suka san Defo da idonsu kuma yaran nan suke jin maganarsu fiye da tawa, ina roƙonku ku tare su ku gaya musu gaskiya tun kafin zafin bana ya kankama.