Kogin da ke ƙarƙashin gonarka

Ɗan'uwa mai karatu, mi ya sa a Bonkuku in an gina rijiya gaba 2 ko 3 sai ga ruwa, amma bisa tudu sai an yi gina mai zurfi ƙwarai? Dalili shi ne, mutanen Imanan cikin gadon wani tsohon kogi su ke zaune. Sunansa Dallol Boso.

Fiye da shekara 5000 da suka wuce, Sahara ba hamada ba ce. Ana ruwan sama sosai. Ruwan duwatsun Abzin ya kan gangaro ta Azawak, ya nufo kudu. Ya bi ta Abala da Filinge cikin ƙasar Kurfai, ya ratsa Bonkuku da Baleyara da Birnin Gaure, ya faɗa kogin Isa a Bumba. Dubi gaɓar dutsen da ke gefen kwarinmu: ruwan nan ne ya zaizaye ta.

Da ruwan sama ya ragu, kogin ya daina gudu, rairayi ya cika gadonsa. Amma rairayi ba ya riƙe ruwa a sama, shanye shi ya ke yi. Kowace damana ruwan ƙoramu na saukowa daga tudu, ya kwanta a tafkuna, sannan ya nutse ya taru a ƙasa. Shi ne ka ke jawowa da guga. Da shi ka ke ban ruwan dankalin turawa da rani, wanda a ke kaiwa kasuwannin Yamai.

To, abu mai kusa da hannu shi ke saurin ɓaci. Tunda ruwan ba zurfi gare shi, ƙazantar salga da maganin ƙwari na iya kai gare shi. Kada ka gina salga kusa da rijiya. Kada ka wanke bututun feshi a bakinta.

Kuma ruwan nan na da iyaka, kamar hatsi cikin rumbu. Damana ke zubawa, mu ke ɗiba. In aka yi fari irin na 1973 da 1984, zubi ya kan ragu. In kana da injin ban ruwa, kashe shi da zarar fangali ya ƙoshi.

Tambayoyi:
1. Daga ina tsohon kogin ke tasowa?
2. Mi ke ƙara ruwan rijiyarka?