Kyafaffen Tarugu: Guzurin Ɗalibi Daga Murhun Kaka

Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa bakin titi a Dogon Daji yana jiran motar Sakkwato ranar komawa makaranta ya san abin da ke cikin buhun guzurinsa: gari, ƙuli-ƙuli, shinkafa, wake, da 'yar robar yaji. A zangon da ya wuce mun yi ƙarambanin ƙara ɗanyen tarugu, wanda Kanawa ke kira attaruhu, muka ƙulle shi a leda. Bai cika kwana huɗu ba ya ruɓe, muka zubar, muka koma sayen ƙwaya uku-uku da tsada. Da muka dawo hutu muka kai kuka gida, sai kakarmu ta nuna mana ragar da ke rataye bisa murhunta, cike da tarugu baƙi ƙirin.

Ƙananan barkono, waɗanda mu Sakkwatawa ke kira tonka, fatarsu ba ta da kauri, rana kaɗai ta ishe su bushewa. Tarugu kuwa yana da nama da ruwa. Idan an shanya shi, musamman da damina, sau da yawa cikinsa kan yi fumfuna kafin bayansa ya bushe. Hayaƙi da ɗumin garwashi suna janye ruwan a hankali, su kuma hana ƙwari da fumfuna zama. Wannan ce dabarar da masuntan Kebbe da Tambuwal, inda Gulbin Zamfara ya ratsa, suke bandar kifi da ita.

Ba mu kaɗai muka gano haka ba. Asalin barkono daga nahiyar Amurka yake, bayan shekarar 1492 ne jiragen Turawa suka yaɗa shi zuwa Afirka da Asiya. A ƙasar Meziko, tun kafin zuwan Turawa suke kyafa wani barkono mai kaurin nama, su kira shi chipotle. A kasuwannin Najeriya ma akwai baƙin garin da ake kira barkonon Kamaru, wanda masu abinci ke rububi saboda ƙamshin hayaƙinsa.

Yin sa ba wuya. A zaɓi jan tarugu mai lafiya, a wanke, a shanya shi kwana ɗaya ko biyu ya yi yaushi. Sai a shimfiɗa a kan raga, nesa da harshen wuta, a bar hayaƙin busasshen itace ya riƙa ratsa shi, ana juyawa. Alamar ya yi ita ce a girgiza a ji 'ya'yan suna ƙara a ciki. Kada a kuskura a hura wutar da leda, roba ko katako mai fenti, domin gubar hayaƙinsu tana maƙalewa a jikin abinci. Duk wanda aka ga ya yi fumfuna a zubar da shi: wasu nau'in fumfuna na fitar da guba mai lahani ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

A tukunya fa? Hanyoyi uku muka gwada a ɗakin kwananmu. Na farko, a jiƙa ƙwaya biyu a ruwan zafi kamar minti 15, a jajjaga da albasa, a zuba a dafa-duka ko miyar kuka. Da daddawa kaɗan, sai ka rantse akwai busasshen kifi a ciki. Na biyu, a daka shi da ƙuli-ƙuli, citta, masoro, kanumfari da gishiri, ya zama yajin garau-garau da kwaɗon gari. Na uku, a zuba garinsa cikin man gyaɗa mai ɗumi bayan an sauke daga wuta, domin idan ya ƙone ɗaci yake yi.

Sai dai a yi hattara da yawa. Bushewa tana janye ruwa ne ta bar yajin, don haka cokali guda na garin ya fi ɗanye nesa ba kusa ba. A ma'aunin yaji da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912, dangin tarugu suna kaiwa 100,000 zuwa 350,000, barkonon da ake yin chipotle da shi kuwa 2,500 zuwa 8,000 ne kacal. Idan baki ya ɗauki wuta, nono ko madara za a nema, saboda sinadarin yajin a mai yake narkewa, ruwa yaɗa shi kawai yake yi. Mai gyambon ciki ya rage hannu, mai daka kuma ya fita fili, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido.

Lokacin da kayan lambun fadama suka cika kasuwa, tarugu ya yi araha, shi ne lokacin saye da kyafawa. Da damina ta faɗi farashi kan haye, kamar yadda muka gani a tsakiyar 2024. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kafin hutun nan ya ƙare, mu zauna kusa da murhun iyayenmu mu koyi aikin da hannunmu. Mu dai kwalbarmu ta cika, kuma mun ɓoye ta a ƙasan akwati saboda abokan ɗaki.