Ɗakunan karatu: shafukan intanet da ke taimaka wa ma'aikaci ya haɗa mai karatu da littafin da ya dace da shi

Duk wanda ya taɓa riƙe ɗakin karatu a nan ƙasarmu Nijar, ko na makaranta ne, ko na gidan matasa, ko ɗaya daga cikin cibiyoyin nan na CLAC da aka buɗe a garuruwa, ya san tambayar da ke zuwa masa kusan kullum: «Malam, wane littafi zan karanta?» Wani lokaci ɗalibar lise ce ta maido «Une si longue lettre» na Mariama Bâ, ta ce ya yi mata daɗi, tana son wani irinsa. Wani lokaci kuma uba ne ya riƙo hannun yaronsa ɗan shekara bakwai wanda bai daɗe da fara haɗa baƙi ba. Amsar da ma'aikaci zai bayar cikin minti biyu ita ce za ta sa mutum ya dawo mako mai zuwa, ko kuma ya tafi ke nan. In aka miƙa wa yaro littafin da ya fi ƙarfinsa sau biyu ko uku, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa karatu ba nasa ba ne.

Gaskiyar magana kuwa, babu ma'aikacin da ya karanta duk abin da ke ajiye a ɗakinsa, balle abin da ake bugawa a duniya kowace shekara. Wannan ne ya sa a ƙasashe da dama aka ƙirƙiro shafukan intanet waɗanda aikinsu shi ne su tallafa wa ma'aikacin ɗakin karatu wajen ba da shawara. Wasu na kuɗi ne, wasu kyauta ne, kuma ba duka ne suka dace da halin da muke ciki ba.

Sana'a ce mai ƙa'idojinta

Ba da shawarar littafi ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun a shekarar 1931 wani masani ɗan ƙasar Indiya mai suna Ranganathan ya shimfiɗa dokoki biyar na aikin ɗakin karatu, inda ya nuna cewa an yi littafi don a yi amfani da shi, kuma aikin ma'aikaci shi ne ya sada mutum da littafin da ya dace da shi ba tare da ɓata masa lokaci ba.

A shekarar 1989, wasu ma'aikata biyu a Amurka, Joyce Saricks da Nancy Brown, suka fitar da littafin da ya zama jagora ga masu wannan aiki. Abin da suka lura da shi shi ne, sau da yawa ba jigon labari ne ke kama mai karatu ba. Abin da ke kama shi ya haɗa da saurin tafiyar labarin, da yadda aka gina mutanen ciki, da yadda aka ƙulla zaren labarin, da kuma wuri da yanayin da abin ya faru. Wata ma'aikaciyar kuma, Nancy Pearl ta birnin Seattle, ta kwatanta abin da ƙofofi huɗu da mutum ke shiga littafi ta cikinsu: labari, mutane, wuri, da harshe.

Misali a nan gida: mutum biyu za su iya son «Sarraounia» na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Na farko yaƙin da aka gwabza a Lugu da sojojin Voulet da Chanoine a 1899 ne ya burge shi, wannan tarihi yake nema. Ta biyu kuwa, mace mai ƙarfin hali da ta tsaya a gaban maza ce ta ja hankalinta. In aka ba su littafi iri ɗaya a karo na gaba, ɗaya zai koma gida da takaici. Shafukan da suka amsa sunansu an gina su ne a kan wannan bambanci.

Na kuɗi

Wanda ya fi shahara a ƙasashe masu amfani da Ingilishi shi ne NoveList, wanda wani ma'aikacin ɗakin karatu mai suna Duncan Smith ya kafa tare da abokan aikinsa a 1994, kamfanin EBSCO kuma ya saye shi a 1999. Ma'aikata ne ke zama su siffanta kowane littafi da kalmomin da ke nuna yanayinsa, kamar mai sauri, mai ban dariya, mai sosa rai. In ka rubuta sunan littafin da mutum ya so, sai a jero maka wasu masu kama da shi, tare da dalilin kamannin. A ɓangaren Faransanci akwai Électre, rumbun bayanai da masu sayar da littattafai da ɗakunan karatu ke dogaro da shi don sanin abin da ya fito da wanda har yanzu ake samu a kasuwa.

Sai dai duka biyun sai an biya kuɗin rajista, kuma an yi su ne don kasuwar Amurka da ta Faransa. Ɗakin karatun da ke fama da kuɗin wutar lantarki a Tasawa ko Madawa ba nan zai dosa ba. Abin ɗauka a wurinsu shi ne salon aikin, wato siffanta littafi ta yadda mai karatu ke jin sa.

Inda masu karatu ke faɗin ra'ayinsu

Rukuni na biyu kyauta ne, kuma masu karatu ne da kansu ke cika shi. LibraryThing ya fara a 2005, Goodreads ya biyo baya a 2007 kafin kamfanin Amazon ya saye shi a 2013. Ga ma'aikatanmu da Faransanci ya fi zama a bakinsu, Babelio ne ya fi sauƙi, shi ma a 2007 aka buɗe shi a Faransa. A nan za ka tarar da taƙaitaccen bayanin littafi, da makin da masu karatu suka ba shi, da sharhinsu, da jerin littattafai da wasu suka haɗa a kan jigo guda. Wanda aka tambaye shi abin da zai biyo bayan «L'Enfant noir» na Camara Laye, ko «Aya de Yopougon» na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, zai samu hanya a nan cikin ƴan mintoci.

Amma a yi hattara. Yawancin masu ba da makin nan a Turai da Amurka suke zaune, ɗanɗanonsu ba lalle ya zo ɗaya da na ɗan Damagaram ba. Littafi mai maki da yawa yana iya ƙunsar abin da iyaye a nan ba za su yarda a miƙa wa ƴarsu ba. Bugu da ƙari, an sha kama masu buɗe sunayen ƙarya don su ɗaga littafinsu ko su kassara na wani. Saboda haka karanta sharhi uku ko huɗu ya fi kallon yawan taurari amfani.

Na yara da na Afirka

Shafin da ya fi kusa da bukatunmu a Faransanci shi ne Takam Tikou. Mujalla ce da ƙungiyar La Joie par les livres ta soma bugawa a takarda a 1989, ta koma intanet a 2010 a ƙarƙashin babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa. Tana bibiyar littattafan yara da matasa na Afirka, da ƙasashen Larabawa, da tsibiran Karibiyan da na tekun Indiya. Ana faɗin maɗaba'ar da ta buga kowane littafi, da shekarun yaran da ya dace da su, da kuma ra'ayin masu sharhi a kansa. Wanda ke neman littafin da aka buga a Bamako, ko Kotonu, ko Abijan, mai hotunan yara masu kama da namu, nan ne ya kamata ya fara leƙawa. Akwai kuma Ricochet, wanda wata cibiya ta ƙasar Suwis ke kula da shi, inda ake iya neman littafin yara ta hanyar shekaru ko jigo.

A ɓangaren harsunan gida, wasu shafuka sun wuce ba da shawara, littafin kansa suke miƙo maka. African Storybook na cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ya buɗe a 2014, StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya a 2015, sai Global Digital Library da hukumar Norad ta ƙasar Norwe ta ƙaddamar a 2018. Akwai kuma Bloom Library na ƙungiyar SIL. Dukansu suna da labarai da Hausa, kuma yawancin abin da ke ciki an yarda a sauke shi, a gurza shi a takarda, har ma a fassara. African Storybook ya kasa labaransa mataki biyar, daga kalmomin farko har zuwa labarin da babba zai karanta wa yara. Uban nan da ya zo da ɗan shekara bakwai, ga amsarsa nan. Sai dai ma'aikaci ya duba kafin ya gurza, domin da yawa daga cikinsu da Hausar Najeriya aka rubuta su: inda muke rubuta ƴ su da wata alama suke rubutawa, kuma inda muka aro kalma daga Faransanci su daga Ingilishi suka aro.

Inda gizo ke saƙar

Babban giɓin yana wajen littattafan Hausa na manya. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Ke nan ana iya sa ran masu neman littafin Hausa za su ƙaru a ɗakunan karatu. To amma manyan shafukan nan ba su san adabinmu ba sai kaɗan. Za a iya cin karo da «Magana Jari Ce» ko «Ruwan Bagaja» na Abubakar Imam, ko «Shaihu Umar» na Abubakar Tafawa Ɓalewa, musamman a WorldCat, kundin da ke haɗa jerin littattafan dubban ɗakunan karatu na duniya, wanda aka buɗe wa kowa a 2006. «Alhaki Kuykuyo Ne» na Balaraba Ramat Yakubu ya ƙara fitowa fili ne bayan an fassara shi zuwa Ingilishi a 2012. Amma tarin littattafan da aka buga a Kano tun daga shekarun 1980, waɗanda ke yawo hannu da hannu a Maraɗi da Damagaram, da yawansu ba su da lambar nan ta ISBN, saboda haka injinan ba sa ganin su. Su ma littattafan harsunan ƙasa da maɗaba'o'in Yamai irin su Albasa da Gashingo suka fitar, ba kasafai ake samun sharhi a kansu ba.

An taɓa yin ƙoƙari: a 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun wallafa jerin ɗaruruwan ƙagaggun labaran Hausa da suka fito tsakanin 1987 da 2002. Daga baya marubuta da dama suka koma Wattpad da WhatsApp da Facebook, inda babu mai tsara abin. Shafin OkadaBooks na Najeriya, wanda ya ɗauki littattafan Hausa masu yawa, ya rufe a ƙarshen 2023, abin da ke nuna cewa shafi ma yana mutuwa kamar kowane kanti.

Wata ƴar dabara ga mai nema: injinan bincike suna tuntuɓe da baƙaƙe masu ƙugiya. Wanda ke neman «In Da So Da Ƙauna» na Ado Ahmad Gidan Dabino ya gwada rubuta shi da ƙ, ya sake gwadawa da k, ya kuma nema da sunan marubucin.

Injin da ke ƙaga littafi

Yanzu kuma ga manhajojin nan masu hira irin su ChatGPT, waɗanda za ka tambaye su ta salula su jero maka littafi goma nan take. Suna taimakawa wajen tuno suna, amma suna kuma ƙaga abin da babu shi. A watan Mayu na 2025, jaridar Chicago Sun-Times ta Amurka ta buga jerin littattafai 15 na karatun hutu, sai aka gano cewa 10 daga ciki ba a taɓa rubuta su ba, inji ne ya ƙirƙiro su ya laƙaba wa marubuta na gaske. In haka ta faru a Ingilishi, inda bayanai suka yi yawa, ina ga Hausa? Duk sunan da inji ya bayar, sai an tabbatar da shi a WorldCat, ko Babelio, ko wurin mai sayar da littafi, kafin a faɗa wa mai karatu.

Abin da ke hannunmu

Shawarar da ba ta kai ga littafin da ke cikin ɗaki ba, rabin shawara ce. Don haka ma'aikaci ya fara da abin da yake da shi. In ya samu intanet sau ɗaya a mako, ya ɗauki littafi goma daga kan kanta, ya nemi bayaninsu, ya rubuta wa kowane ɗaya ɗan kati: shekarun da ya dace da su, ta wace ƙofa ake shigarsa, da littafi biyu masu kama da shi da ke nan cikin ɗakin. A shekara guda ya haɗa kati wajen 500. Ya kuma ajiye wani kundi a kan tebur inda mai maido littafi zai rubuta layi biyu a kan abin da ya ji. Ra'ayin ɗalibin Tawa ya fi yi wa ɗalibin Tawa amfani a kan na mutumin Paris.

Idan ma'aikatan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai suka riƙa musayar waɗannan katuna, ko da ta WhatsApp ne, to an ɗora harsashin kundin da babu wani kamfanin waje da zai zo ya yi mana. Jami'o'inmu da ma'aikatar da ke kula da al'adu suna da rawar takawa wajen tattara shi da adana shi. Kafin nan, ɗalibar da ta maido littafin Mariama Bâ tana tsaye a gaban tebur, kuma abin da ya kamata a fara da shi shi ne a tambaye ta: «Mene ne ya fi yi miki daɗi a ciki?»