Rana Ba Ta Ƙarya: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Jinkirin Tashoshin Wutar Sola?

A watan Yulin 2016 gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 da za su gina manyan tashoshin samar da lantarki daga hasken rana. Kamfanin gwamnati mai sarin wuta, NBET, shi ya sa hannu a madadinta. Jimillar abin da aka yi alkawari megawat 1,125 ne, kuma mafi yawan tashoshin a Arewa za a kafa su, inda rana ta fi ƙwallewa: Kankiya a Jihar Katsina, Ganjuwa a Bauchi, sai wasu a Jigawa da Sakkwato da Kaduna da Nasarawa da Filato. An tsayar da farashi a kan senti 11.5 na dala kowane kilowat na awa guda, har tsawon shekara 20. Shekaru suka yi ta wucewa, ba a ga ko ɗaya daga cikin tashoshin nan ta tura wuta cikin babban layin ƙasa ba.

Idan irin wannan ta faru mukan ce an yi jinkiri, mu wuce. Amma jinkiri a harkar lantarki yana da ƙa'idoji, yana da hukumar da ke yanke hukunci a kansa, kuma yana da wanda ke biyan kuɗinsa. Ya kamata mai shan wuta ya san waɗannan, domin a ƙarshe aljihunsa ake taɓawa.

Duk wanda ya taɓa ba magini aikin ɗaki ya riga ya san rabin darasin. Kun yi da shi zai rufa kwano kafin ruwan farko. Damina ta faɗi, ɗaki na nan a buɗe, bulo na jiƙewa. Kafin ka yi masa faɗa, tambaya ɗaya za a fara warwarewa: laifin wa? Idan ambaliya ce ta yanke hanyar da tifa ke kawo yashi, babu mai laifi. Idan kai ne ka gaza sakin kuɗin siminti, kai za ka ɗauki asara. Idan kuwa shi ne ya karɓi kafin alƙalami ya tafi wani aikin, dole ya biya. Haka lamarin yake ga tashar sola, sai dai kuɗin ya kai miliyoyin daloli, kuma mai raba gardamar hukuma ce da doka ta kafa. A matakin tarayya a Najeriya, hukumar NERC ce ke ba da lasisin samar da wuta, ita ce kuma ke tsara farashin da ake cajar jama'a.

A irin wannan yarjejeniya akan rubuta ranar da tashar za ta fara ba da wuta. Akan kuma rubuta wata rana ta ƙarshe, wadda idan an wuce ta mai sayen wuta yana da ikon fasa cinikin. Kamfani kan ajiye kuɗin jingina, a riƙa cirar tara a ciki gwargwadon kwanakin da ya makara. Idan ya ga ba zai cika alkawari ba, sai ya nemi ƙarin wa'adi, ya kawo hujja. Aikin masu duba buƙatar shi ne su tantance ko abin da ya faru ya fi ƙarfinsa, kamar annoba ko yaƙi, ko ɓangaren gwamnati ne ya gaza kai masa layin da zai kwashe wutar, ko kuwa sakacinsa ne kawai. Na farko da na biyu ana ƙara musu lokaci ba tare da tara ba. Na uku ya biya, in ya ƙi gyarawa a ƙwace lasisi.

Ƙasar Indiya ta nuna yadda ake yin ƙarin wa'adi mai tsabta. Da annobar korona ta rufe ƙasar a 2020, kayan sola suka maƙale a tashoshin jiragen ruwa, lebura suka koma ƙauyukansu, ma'aikatar makamashi ta ƙara wa dukkan ayyukan da ke kan gini wata 5, daga 25 ga Maris zuwa 24 ga Agusta. Dalili sananne ne, kowa an yi masa daidai, kuma an faɗi ranar da rangwamen zai ƙare.

Me ya sa ba a barin kamfani ya gama a lokacin da ya ga dama? Domin jira yana da tsada. Filin da aka killace ya fita daga hannun manoma, ba gero ba wuta. Gurbin da aka ware masa a layin ƙasa ba a iya ba wani. Mai walda da mai injin markaɗe da mai sayar da ƙanƙara suna ci gaba da zuba mai a janareto. Sannan akwai wani abu da ya keɓanta da sola: farashin kayanta na faɗuwa da sauri. Cinikin da ya yi kyau bana, bayan shekara uku sai ya zama tsada.

Wannan na daga cikin abin da ya ci tashoshi 14 ɗin nan. A shekarar da aka sa musu hannu, Zambiya ta yi gwanjon gina tashar sola ta samu tayin kusan senti 6. A 2018 Senegal ta samu ƙasa da senti 4 na yuro. Gwamnatin Najeriya ta dubi nata 11.5 ta ce da sake, ta nemi a sauko zuwa 7.5. Su kuma kamfanonin suka ce bankuna ba za su ba su rance ba sai gwamnati ta tsaya musu, wato ta yi alkawarin sayen tashar idan cinikin ya rushe, domin kamfanonin rarraba wuta ba sa biyan NBET cikakken kuɗinsa. Gwamnati ta riga ta ba tashar gas ta Azura da ke Edo irin wannan tabbacin, ta ga nauyin biyan daloli duk wata, sai ta ja baya. Ga naira da ta karye a tsakiyar 2016. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Abin da aka rasa shi ne hukunci a kan lokaci: a gina a sabon farashi, ko a soke a yi sabon gwanjo. An ce sannu ba ta hana zuwa, to a nan an daɗe kuma ba a je ba.

A maƙwabta akwai abin dubawa. Tashar Gorou Banda mai megawat 30 da ke kusa da Yamai a Nijar an ƙaddamar da ita a farkon Yulin 2023. Juyin mulkin 26 ga watan ya sa ƙwararrun ƙasashen waje suka fice kafin ta fara aiki, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar. Duk da haka, zuwa Nuwamba kamfanin lantarkin Nijar, Nigelec, ya sanar cewa tashar ta fara ba da wuta. Jinkirin ya zo, amma watanni ya ɗauka. A gida kuwa, tashar Kumbotso a Kano da aka buɗe a Janairun 2023 megawat 10 ce, ba ta kai kashi 1 cikin 100 na abin da aka yi alkawari a 2016 ba.

Yanzu dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa nasu hukumomin, su ba da lasisi, su sa ido. Ke nan nan gaba wasu daga cikin waɗannan hukunce-hukuncen a manyan biranen jihohinmu za a riƙa yanke su. Don haka duk ranar da muka ji an ƙara wa wata tashar sola wa'adi, 'yan jarida da 'yan majalisa da masu unguwannin da suka ba da filaye su nemi amsar abu huɗu: mene ne dalilin, wa ya jawo shi, wa zai biya, kuma wace ce sabuwar ranar. A buga amsoshin a fili, a ajiye su. Rana ba ta ƙarya, idan ta zo mu je mu duba ko wuta ta kama.