Likitan Sida a Maraɗi da Nauyin Kalma

Likitan da ya ƙware a kan cututtuka masu yaɗuwa a Nijar da Faransanci yake karatunsa tun daga tushe: shekarun likitanci a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, sa'annan ƙwarewa, wadda wasu suka je Dakar ko Abijan domin ta. Amma ranar da ya zauna a babban asibitin Maraɗi, wanda ke gabansa, manomi ne daga Jiratawa ko Bagobira daga Tibiri, da Hausa zai ji sakamakon awon jininsa. Rabin aikin likitan fassara ce da ba a koya masa ba.

Matsala ta farko sunan cutar. Tun da aka tabbatar da ita a Nijar a 1987, kalmar "sida", wadda gajarta ce ta Faransanci, ta zauna a bakin jama'a, ta haɗe abubuwa biyu da likita ke rarrabewa: ƙwayar da ke cikin jini, da ciwon da take haifarwa idan ta ci ƙarfin garkuwar jiki. "Kanjamau" kuwa daga "kanjame" take, wato sunan ya ɗauki siffar matakin ƙarshe. Mai ƙwayar da ke da jikinsa sumul na iya ƙaryata awo, tunda bai kanjame ba. Laƙabin "kabari kusa" ya fi muni, hukunci ne kawai. Saboda haka ne a 2017 masu bincike ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan suka ba da shawarar "karya-garkuwa" ga ƙwayar, aka bar "kanjamau" ga ciwon. Shawarar ta dace, sai dai kalma ba ta kama ƙasa da umarnin masana.

Inda haɗari ya fi yawa shi ne wajen labari mai daɗi. Tun 2004 ake ba da magungunan rage kaifin ƙwayar a Nijar ƙarƙashin shirin INAARV. Wanda ya dage da sha, ƙwayar kan ragu har awo ya kasa gano ta, kuma a wannan hali ba ya sa wa abokin aurensa. Da wane aikatau za a isar da wannan? Idan likita ya ce "ba a ga komai ba", kunne zai ji "ka warke", mai warkewa kuwa ba ya ci gaba da shan magani. In ya daina, ƙwayar kan farfaɗo cikin ƴan makonni, kuma shan magani a tsattsinke kan sa ta bijire masa. "Samun sauƙi" ya fi kusa, amma shi ma Bahaushe kan faɗe shi a madadin warkewa. "Ta kwanta" ce ta fi riƙe ma'anar, domin a Hausa wuta ma takan kwanta, ƙura takan kwanta, fitina takan kwanta, kuma kowa ya san dukkansu suna iya tashi.